Hayaƙin Iccena

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai ƙarar maƙwabcina kan hayaƙin iccen da ni na sare da hannuna.

A Jega ne, tun muna jihar Sakkwato. Icce nake sayarwa. Ban yi boko ba, amma na iya dabara ɗaya: busasshe a waje, ɗanye a tsakiya, a ɗaure tam. Masu jakuna ke saye a kasuwa, inda suke kaiwa ba ruwana.

Maƙwabcina malamin firamare ne, Kirista, mutumin Zuru. Matarsa ta haihu a tsakiyar sanyi, tsofaffin unguwa suka ce ba su san baƙo ba, sai ta yi wankan jego kamar kowa. Safe da yamma tukunya na kan murhu. Hayaƙin ba ya tashi sama, sai ya kwanto ta katanga ya cika ɗakin Innata. Tsohuwa ta kama tari, in ta fara sai ta dafa bango. Ita kaɗai ta rage mini a duniya.

Ban yi wa malamin magana ba. Na wuce wurin mai unguwa (har da sa babbar riga, don a san da gaske nake). Aka kira shi, mutane suka taru a zaure.

Na ce, "Wanga bawan Allah zai kashe min uwa."

Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Ina shanya iccen, ya ƙi bushewa."

Mai unguwa ya sa aka ɗauko dami ɗaya daga gidan malamin. Ya duba igiyar, ya dube ni. Duk Jega ni kaɗai ke ƙulli biyu a gefe, saboda ɗan yatsana da gatari ya cire. Ya yanke igiyar. Ɗanyen icce ya zube, har da ganyensa.

"Wanga ƙulli, hannun wa na?"

Na sa hannun cikin riga. Wani tsoho ya ce, "Hiddo shi, ai ba shi ya ci amana ba, mai shi na."

Aka yi dariya, ban da malamin. Mai unguwa ya tambaye shi ko ya sani. Ya ce tun damin farko.

"To mi ya hana ka faɗi?"

"Da shi yake ciyar da Inna."

Kwana ashirin da suka rage na jegon, ni na kai musu busasshe zalla. Tarin Inna ya lafa.

Tun daga nan, in abu ya dame ni, kaina nake fara bincika kafin in nemi alƙali. Yanzu ina Aliero, ina noman albasa, yatsu tara.