Ranar da 'Yan Kawo Lefe Suka Ƙi Tashi

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen 'yar farina ba. Har yau in ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da na turaren wuta a hancina, sai in fara neman inda zan sa fuskata.

Shekarar da soja suka koma bariki ne, farar hula suka karɓi mulki. Rediyo kullum cewa yake wuta za ta zauna, famfo zai kawo ruwa, ni kuwa duk abin da rediyo ya faɗa ɗauka nake. Muna zaune a Koki, a gidan gadon su Malam, maigidana, wanda yake koyarwa a firamare. Gidan ƙasa ne, irin mai daɗi da rani, mai sa mutum yawan addu'a da damina.

Yarinyar (ba na kiran sunanta, kun san 'yar fari) ta samu miji ɗan Nasarawa, unguwar masu hali, ita ta kawo abinta, kowa ya yi murna. Tawa murnar ce ba ta kwana ba. An tsegunta min cewa gwaggon yaron, Hajiya Yalwa, wadda za ta jagoranci kawo lefe, ta taɓa cewa ita in ta shiga gidajen cikin gari ta bakin mayafi take numfashi. Ko ta faɗa, ko ƙari aka yi mata, Allah masani. Amma tun da maganar ta shiga kunnena na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in dawo in sake sharewa. In ɗora tukunya, in manta ban hura wuta ba.

Babbar damuwata kafet ɗin falona. (Da rumfa muke ce wa ɗakin, sai da kafet ya shigo ya zama falo.) Ja ne mai duhu, bango zuwa bango, ga kabad ɗin tangaran ya danne shi, ba ya ɗaguwa balle a fitar a wanke. Ya sha koko, ya sha miyar kuka, ya sha abin da jarirai ke bayarwa kyauta. Wata safiya yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, ta ce a hankali, "Umma, a nan za su zauna?" Ba ta ƙara ba. Ni kuwa ranar abinci bai shiga ba.

Malam ne ya fara kawo zancen inji. Ya ce akwai wani mutum wajen Ƙofar Wambai da ke ba da hayar injin wankin kafet, ka karɓa da safe ka mayar da yamma. A ganinsa haya ta fi saye, don abu ne da sai shekara ta zagayo za a waiwaye shi. Na ce to. Amma da ya je ya dawo, maimakon inji sai ya zo min da tambayoyi. Wai mai injin ya ce a tambayo: ƙasan ɗakin siminti ne ko daɓe? Wutarmu tana da ƙarfi? In daɓe ne, wai, mu yi haƙuri, ba zai bayar ba.

Ni mutum ce mai haƙuri, unguwa ta shaide ni, ko akuya ba na ɗaga wa murya. Amma tambayar nan ta soke ni. Daɓe ne mana. Marigayiya Inna, mahaifiyar Malam, ita da ƙawayenta suka daɓe shi da jar ƙasa da ruwan makuba, ɓawon ɗorawar nan da ke sa daɓe ƙarfi da ja, tun ba a kawo ni gidan ba. Ai don kada a gan shi na rufe shi da kafet. Yanzu wani ƙato a kasuwa ne zai dinga tambayar abin da ke ƙarƙashin ɗakina? Ga kuma tunanin a turo inji a baro ta lungunmu da safe, a fitar da shi da yamma, duk matan lungu su san na haya ne.

Ana cikin haka Tabawa dillaliya ta shigo da ƙullin zannuwanta. Da ta ji damuwata sai ta tafa hannu, ta ce ai ta san inda wani yake, na gwanjo, daga Turai, kamar ba a taɓa shi ba. Ta ce mai 'ya'ya mata ba ta haya, saye take; in na mallake shi, duk gidan da za a yi biki a Koki ni za a zo a roƙa, in ba da haya ina daga zaune. Tabawa ba ta tambaye ni komai ba, ko ɗaya. Shi ya sa na ji ta fi mutumin can mutunci. Na miƙa mata kwasar adashena.

Da na gaya wa Malam, ya daɗe yana kallon hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Ke da abinki. Amma mutumin can ba don ya raina mu ya tambaya ba." Na juya na ci gaba da sharata.

Inji ya zo, kamar tulu mai taya, da dogon hanci. Har da takardarsa. Na ɗauko tabarau na zauna, ni da na yi shekaru ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, har malama tana sa ni karatu a gaban aji. Baƙaƙen duk na san su, amma suka ƙi haɗuwa su zama magana. Malam ya duba ya ce wannan ko Turanci ba ne. Tabawa ta ce ina ruwana da takarda: ruwa ta nan, sabulu ta nan, in danna nan ya fesa, in danna can ya zuƙe.

Ana jibi lefe, Malam na fita makaranta na ɗaura ɗamara. Gaskiya da farko abin ya burge ni, inda duk hancin ya bi sai jan kafet ya fito kamar sabo. Sai dai na lura feshin ya fi zuƙar ƙarfi, don wutar ranar ko ƙwan lantarki da ƙyar take haskawa. Nan dabarar mata ta zo min. Wace mace ce ba ta san wanki ba ya fita sai an jiƙa shi ya ɗauki lokaci ba? Na ce bari in fesa ko'ina ya jiƙu sosai, dattin ya saki, in wuta ta ƙara ƙarfi sai in zuƙe gaba ɗaya. Na cika tulun na juye, na sake cikawa, har da ɗigon humra a ciki. Ina gama kusurwar ƙarshe, wajen kabad, aka ɗauke wuta.

Na ce yanzu za su kawo, ai farar hula ne. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon ƙwai. Na tashi na kunna makunni na kashe, kamar laifinsa ne. Da yamma hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Ana gobe ma ba wuta, ba rana. Na kwaso tsofaffin zannuwa ina dannawa ina matsewa a bokiti, na yi fifita da faifai har kafaɗata ta ƙage. Malam ya sa ƙafa ɗaya a ɗakin, kafet ya ce cakwal. Ya ce in haƙura a share soro a shimfiɗa tabarmi, baƙi su zauna a can. Na ce 'yan Nasarawa a kan tabarma? Ya ce Allah ya kyauta, ya fita. (Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.)

Da safiyar ranar wata dabarar ta sake zuwa, kun san dabara ba ta zuwa ita kaɗai. Na hura gawayi na cika dutsen guga, na durƙusa na goge kafet tas, tun daga ƙurya har bakin ƙofa. Tururi ya dinga tashi. Da na gama na shafa da tafin hannu, wallahi a bushe, har da ɗumi. Gwiwoyina dai na ji su da danshi, amma na ce gumi ne. Na sa turaren wuta kasko biyu na rufe ƙofa.

Gwaggo Asabe, yayar Malam, ita ce mai karɓar lefe. Ta shigo ta yaba ƙamshi, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna saboda ciwon gwiwa. Sauran matanmu suka tsaya daga bakin ƙofa don a bar wa baƙi wuri. Ni kuwa na shige ƙurya na saki labule, don uwa ba ta fitowa a irin wannan rana, balle ta 'yar fari. Amma labulen yana da 'yar ɓula, kuma ni na san inda take.

Bayan azahar suka iso, mata cike da ɗaki, daga mai farin leshi sai mai shadda ruwan madara. Hajiya Yalwa dattijuwa ce mai jiki, leshinta ya fi na kowa haske. Ta shaƙi iska ta ce masha Allahu, ban ga ta kai mayafi hanci ba. Ta nemi tsakiyar ɗaki ta zauna daram. Na ce a raina, Tabawa, Allah ya biya ki.

Aka buɗe akwatuna, ana ɗaga kaya ana guɗa. Ba a kai akwati na uku ba na ga wata ta gyara zama. Can wata ta karkata gefe ɗaya. Wata matashiya ta saci kallon ƙarƙashinta, ta yi maza ta ja mayafi ta rufe, fuskarta ta sauya. Guɗa ta fara raguwa. Aka gama, aka ci abinci, aka sha zoɓo, aka ba da tukwici, aka shafa addu'a. Wata ta ce to, za mu koma. Kowa ta ce haka ne. Ba wadda ta motsa.

Gwaggo Asabe ta rasa gane kan abin. Ta jawo hirar sabuwar gwamnati, ta ƙare. Ta jawo ta tsadar tumatir, ita ma ta ƙare. Ni a bayan labule na tashi, na zauna, na cije bakin zanina. Har aka kira la'asar. Gwaggo ta ce ga butoci can an cika. Sai na ji Hajiya Yalwa, da 'yar ƙaramar murya, tana cewa ita sai ta je gida za ta yi.

Na kai ido ɓular labule. Dattijuwar nan tana ta jan mayafi zuwa bayanta, leɓenta na motsi, idonta ya kawo ruwa. A nan na gane. Ba kafet take zargi ba, kanta take zargi. Kowace a cikinsu ta ɗauka ita kaɗai ce. Matasan suna lissafin kwanan wata a zuci, manyan suna tuhumar zoɓon da suka sha.

Shaiɗan ya ce min ki yi shiru, kowace za ta naɗe mayafi ta fita da kunyarta, gidan yarinyar ya tsira. Na kusa bin shawararsa, ba zan ɓoye muku ba. Amma fuskar Hajiya ta hana ni.

Na ɗaga labule na fito, cikin farar shaddata ta fitar biki. Gwaggo Asabe ta zaro ido kamar ta ga aljana. Na ratsa na je kusurwar kabad, inda na san ruwa ya fi taruwa, na zauna da duk nauyina. Na fara gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ya hanya, ya ruwa, ya yara, ina ja don ya samu ya ratsa. Da na ji sanyin ya kai inda ya kamata, na miƙe, na juya wa baƙi baya, na sunkuya kamar zan ɗauki tire.

Ashe ba ruwa kaɗai ba ne, makubar Inna ce ta taso ta cikin kafet, ta buga min jan tambari mai faɗin faifai.

Na ce, ban juyo ba, "Hajiya, ku gafarce ni. Kafet ne. Duk wadda ta ji sanyi ba ita ba ce, ni ce."

Hajiya Yalwa ta sauke wani dogon numfashi. Ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Ni har na fara tunanin wasiyya."

Wata ta fara ƙyalƙyalewa da dariya, sai ɗaki ya ɗauka. Suka dinga miƙewa suna juya wa juna baya, kowace da nata tambarin, har ana gardamar na wa ya fi girma. Ni dai ina tsaye ina addu'ar daɓen ya tsage in shige, tunda ya riga ya yi laushi. Hajiya ta sa aka ɗaga bakin kafet ta leƙa, ta ce da tabarma na shimfiɗa musu a kan daɓen nan da sun fi gode min. Malam ba ya nan, amma ji na yi kamar muryarsa ce a kunnena.

Makuba ba ta fita a farin kaya, wannan kowa ya sani. Haka na buɗe akwatina na rarraba musu zannuwa suka ɗaura a kan leshi. 'Yan Nasarawa suka jera ta lungunmu cikin tsofaffin atamfofina har bakin titi, matan lungu na leƙe ta kowace ƙofa. Ni da nake gudun a ga baro.

Yarinyar a gidan ƙawarta ta wuni, amma tun a bakin lungu labari ya tare ta. Ta shigo ta tsaya inda ta tsaya rannan, ta dubi kafet, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Umma, an ce ke kika fito." Na ce ni ce. Ta ɗauki bokiti ta kama min matsar zannuwa.

An yi biki lafiya. Kafet bola ya tafi, Malam ya sa aka yi wa ɗakin siminti bai ce min ci kanki ba. Inji kuwa ko mutum ɗaya bai taɓa zuwa hayarsa ba, don duk Koki an san aikinsa. Yana nan a ƙurya, a hancinsa nake rataya mayafi in zan turara. A dangin mijin yarinyar har yau Umma Mai Inji suke ce min.

Abin da na koya, mai ba ka haya yana tambaya ne don yana so kayansa su dawo lafiya; mai sayar maka in ya juya baya shi ke nan. Yanzu duk wanda ya tambaye ni abin da ke ƙarƙashin ɗakina, faɗa masa nake tun bai rufe baki ba. Hajiya Yalwa kuwa mun zama aminai, ba sunan da za a yi a gidana ba ta zo ba. Sai dai duk zuwan da za ta yi, ko a kan siminti ne, sai ta danna ƙasa da tafin hannu, ta dube ni, sannan ta zauna.