Nomau a Bakin Rafin Kurmi

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsu, daidai inda kurmi ya fara, akwai wani gida na mutum uku: Inna Dudu, da babban ɗanta Jatau, da ƙaninsa Nomau. Jatau jagora ne a gandun namun daji, shi ke shiga kurmi da baƙi su ga birai da ɓauna da tsuntsaye. Gidan ma na gandun ne, saboda aikinsa aka ba su, kuma a bayan gidan aka binne mijin Inna. Shi kuwa Nomau, Allah ya ba shi ƙarfi da kyan zuciya, amma wajen kai sai dai a yi haƙuri. In ka gaya masa abu, to ka faɗa ke nan, ba ragi ba ƙari. Jatau ne ya yi ta roƙo har aka ɗauke shi dakon kayan baƙi.

Wata rana za a shiga kurmi, Jatau ya ce masa, "Duk abin da baƙi suka yar, ka tsince ka mayar musu, ba a ƙazanta a gandu." Nomau ya ce to. Ya bi bayansu yana tsintar leda da ɓawon gyaɗa, har nan lafiya. Sai matsattsaku ya manne wa wata Hajiya a ƙafa, ta ɓamɓare shi da ƙyar ta yi jifa da shi cikin ciyawa. Da aka zauna cin abinci, Nomau ya zo ya durƙusa, ya buɗe wani ganye a gabanta.

"Hajiya, ga abinki da kika yar. Na sha wahala kafin in gan shi."

Hajiyar nan ba ta ƙara kai loma baki ba a ranar.

Wata rana kuma aka kai baƙi gindin wani ƙaton ɓaure inda birai ke taruwa da hantsi. Jatau ya ajiye kwandon abinci, ya ce, "Kada ka bari birai su ci komai a nan." Ya juya ya tafi taro waɗanda suka rage a baya. Kafin ya dawo, Nomau ya hau ɓauren da sanda, ya kori birai kakaf daga kan 'ya'yan itacen da kakanninsu ma suka ci. Baƙi sun zo daga nesa da na'urorin ɗaukar hoto, ba su samu kowa a kan reshe ba sai Nomau.

Shugaban gandu, Malam Sambo, ya kira Jatau ya ce, "Sau ɗaya ya rage. In ya ƙara, ku duka za ku tafi, kuma ku bar mini gidan."

Wata rana aka zo kusa da inda ɓauna ke kiwo. Jatau ya yi raɗa, "Daga nan shiru, ko tari kada in ji." Nomau na tsaye bayan wani malamin jami'a, yana kallon kwarkwasa sun yi layi suna hawa wandonsa. Ya ga na farko, ya ga na ƙarshe, bai ce uffan ba. Da suka fara cizonsa, rawar da malamin nan ya taka, ko a gidan biki ba a taka irinta. Ɓauna suka watse. Malamin dai mutumin kirki ne, bai kai ƙara ba, amma Inna ta ji labari, ta fara ɗaure tukwanenta a zane. Na gan ta da yamma zaune kusa da kabarin mijinta, kuma wallahi ta ba ni tausayi.

Wata rana da damina, Malam Sambo da kansa zai kai manyan baƙi ƙetaren rafi, har da 'yarsa a cikin tafiyar. Jatau ya riga su gaba don duba sawun giwaye. Ya ce wa Nomau, "Tsaya nan. Kada kowa ya haye rafin nan sai na dawo." Ya haye ya hau tudu.

Ba a jima ba Malam Sambo ya iso. Ruwan ko gwiwa bai kai ba, rana kuma tana haske.

"Matsa mu wuce."

"Ranka ya daɗe, Yaya ya ce kada kowa ya haye."

"Ni ne kowa? Ni na ɗauki yayan naka aiki."

"Bai cire ka ba, ranka ya daɗe."

Aka yi lallashi, aka yi tsawa, Nomau ya baje hannuwa a kan hanya kamar mai tare awaki. Malam Sambo ya ce, "Shi ke nan, yau za ku kwashe kayanku." Bai rufe baki ba aka ji rugugi daga sama. Ashe an tafka ruwa a kan duwatsu, nan ƙasa ba wanda ya sani. Rafin ya taso ja wur, da kututture da rassa, ya shafe duwatsun da ake takawa. Da sun shiga, da suna tsakiya. Malam Sambo ya riƙe hannun 'yarsa, ya jawo ta jikinsa.

Sai bayan la'asar ruwan ya janye. Jatau ya sauko daga tudu ya sa ƙafa zai dawo, Nomau ya ɗaga masa hannu daga wannan gaɓar.

"Tsaya nan, Yaya. Ka ce kada kowa ya haye sai ka dawo, kuma ba ka dawo ba tukuna."

Malam Sambo ya yi dariya har da hawaye. Da yamma shi da kansa ya je gidan, ya tarar da Inna a kan ƙullin kayanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, kwance tukwanen nan. Ba inda za ki."