Rasuwar Laimar Iyatu Mai Kifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi hucewa, iyalan Iyatu mai kifi ta Lolo suna sanar da 'yan uwa na ƙasar Bagudo da na tsallaken Dahome rasuwar laimarta, baƙa, mai mariƙin icce. Ajali ya riske ta a tsakiyar Kwara ranar Asabar, ɗaya ga Oktoba, ranar da kowa ke murnar samun mulkin kai ban da mai ita.

Wanda bai san marigayiyar ba zai ce laima ce kawai. Bayan haihuwar Iyatu ta uku, baƙin tabo ya shimfiɗe mata kumatu da goshi. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, amma bakin kasuwa bai bar shi haka ba. Aka ce farkon kuturta ne, masu saye suka gudu daga kwandonta. Wata tara tana tsallakawa Dahome wurin wata likita tana karɓo man shafawa, har fuska ta washe. Ranar sallama likitar ta ja mata kunne: magani ya yi nasa, saura nata, domin tabon nan ba mutuwa yake ba, barci yake, kuma rana ce ke tashinsa. To, mai sayar da kifi ina za ta kai rana? A hanyar komowa ta sayi laimar.

Shekara biyu marigayiyar ta yi tana aiki ba fashi. Ita ke shan rana, Iyatu na shan inuwa. Ta jure ƙaurin kifi da hayaƙin banda, ta jure dariyar matan da ke cewa Iyatu ta naɗa kanta sarauta. Ba ta da yawan magana. Da hantsi ta ce “fat!”, da la'asar ta ce “ƙiit”, ta koma bayan ƙofa. A ƙarƙashinta masu saye suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta yi jinya ba, amana ce ta kashe ta. Da safiyar ranar, Bunyaminu mai fito, ɗan kawun Iyatu kuma taubashinta, ya shigo yana washe baki.

“Ke baiwa, ara man wagga laima. Wata tsohuwa za ni ƙetarwa, rana ta yi mata yawa. Kahin azahar ta komo.”

“Huskata ta fa, Bunyaminu, ba laima ba,” in ji Iyatu. Amma wa ke hana tsohuwa inuwa? Ta miƙa masa.

Ashe babu tsohuwa. Tsere suka shirya da wani mai jirgi don bikin, sai ya ɗaure marigayiyar, baiwar Allah, jikin gora a goshin jirginsa, wai iska ta tura shi. Ta kuwa tura. Shaidu sun ce yana gaba da nisa lokacin da iskar hadarin ƙarshen damina ta taso, marigayiyar ta ce “ɓarak!”, ta juye ciki waje, ƙyallenta ya bi ruwa. Ya ci tseren. Da Iyatu ta kai kuka gun manya, sai suka ce abin da taubashi ya yi wasa ne, ba a kai masa ƙara. Wannan magana ta fi mata ciwo a kan karayar laimar.

Marigayiyar ta bar ƙarafuna takwas, biyar a karye, da mariƙi, da ragowar man shafawa a gindin gwangwani. Ta kuma bar fuska marainiya, wadda a kuncinta na hagu tuni wani abu kamar ƙwayar gujiya ya fara buɗe ido.

Za a binne abin da ya saura a bayan banda bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, don mai ita ta samu halarta. An yafe wa Bunyaminu zuwa. Ba za a yi zaman uku ba, domin ranar ta faɗa kan kasuwar Lolo, kuma Iyatu za ta fita da kwandonta ta zauna a rana, yunwar yara ba ta jira. Mai ta'aziyya ta gaskiya ya same ta can, ya sayi kifi, kada ya dubi kuncinta.