Ranar da Na Soka wa Rauta Tsinke

Ina kasuwar albasa a Goronyo aka kira ni cewa ƙanena Bello ya rasu. Allah ya jiƙansa, shi ya haɗa mana rauta, akwatin da ke raba wa wayoyin gida intanet.

Bayan jana'iza, yayarmu da ke Legas ta nemi ganin Inna ta bidiyo, amma hoton sai yankewa yake. Na miƙe gaban 'yan gaisuwa na ce a bar mini, ai na sha ganin Bello yana juya akwatin. Na karyo tsinken tsintsiya na danna ɗan ramin bayansa, na daɗe, don aiki ya yi kyau.

Wayoyin gidan duka suka sauka daga intanet.

"Kai, mi kat taɓa?" in ji Kawu Sani.

Ashe komai na goge: lambar sirri, har sunan da Bello ya sa wa waifai ɗin, "Ku Sayi Naku". Ranar Inna ba ta ga 'yarta ba.

Yanzu ko tocila ta lalace, sai Kawu ya nuna ni ya ce, "A kira Injiniya, a ɓoye tsintsiya."

An gyara rautar, amma sunan kamfani ke fitowa a wayoyi. Har yau ban mayar da na Bello ba.