Yadda Ake Rubuta Method Ba Tare Da An Ɗaga Hannu Ba

'Yar'uwa, in kina ajin koyon JavaScript kuma kunya ta hana ki tambaya, kin zo wurin gwana. Bi matakan nan, na yi alkawari za ki kai ranar gwaji ba wanda ya san muryarki. Ki dai sani, kwamfuta takwas ce a ajin, kuma wadda aikinta bai tashi ba ran Alhamis za ta bar wa wata kujera.

1. Gyaɗa kai

Malama za ta ce object kamar shago ne, yana da suna da kaya. Method kuwa aikin da shagon ke yi da kansa, kamar gaishe da baƙo. In ta tambaya ko an gane, ki riga kowa gyaɗa kai. Ni da na tsaya a firamare, nan kaɗai nake zuwa ta ɗaya.

2. Gina shagonki

Sa sunan shagon ɗinkinki da kayansa, ki buɗe method mai suna gaisuwa, ki bar cikinsa wayam. Zuba masa ido kwana biyu, ko Allah zai sa ya cika kansa.

3. Tsallake this

An ce da kalmar this ne method ke ɗauko suna da kayan shagon da yake ciki. Ba ki gane ba? Yi shiru. Matambayi ba ya ɓata, amma ana juyowa a kalle shi.

4. Leƙa na maƙwabciya

Maman Biyu mai sayar da kaji ce kusa da ni. Da ta fita amsa waya, na kwafe nata tas. Ashe ita ma ta tsallake this, kayanta ta rubuta a ciki kai tsaye.

5. Kira shi a gaban jama'a

Ran Alhamis Malama ta haska shafina a bango, na rubuta shago.gaisuwa(). Ƙarƙashin hoton rigunana sai ga shi: "Barka da zuwa! Da rai kike so ko a fige miki?"

Malama ta tambaya ko rigunan nawa suna cin dusa. Aji ya ɗauki dariya, har da Maman Biyu, marar kunya.

Ni kuwa na ga kujerata na shirin tafiya, sai na ji bakina ya ce, "Malama, don Allah a ina ake sa this ɗin?"

Mutum biyar suka jawo littattafansu. Malama ta ba ni zuwa Litinin, ta mayar da kujerata jikin teburinta.

Gargaɗi: duk wadda ta bi matakan nan ta tsinci kanta a gaban aji, ba ruwana. Kada a zo mini da ƙorafi, don ko an zo ba zan iya ɗaga ido ba.