Idon Adar da Fim ɗin Barmo

Duk ƙasar Madawa babu wanda Allah ya hore wa tausayi kamar Mushe Faruƙ, wato Malam Faruƙ a bakin 'yan bokon Faransanci, wanda ya raɗa wa kansa suna Idon Adar. Ya je Yamai wani taron horar da masu fim, ya dawo da kamara da falmaran mai aljihu ta ko'ina, wadda ko zafin bazara bai isa ya tuɓe masa ita ba. Tun daga nan ya daina gaisuwa. Sai dai ya haɗa yatsu ya leƙo ka ta tsakaninsu.

Da ya ji Barmo mai gurmi na Garhanga, wanda waƙarsa ta aurar da rabin Adar, ya samu shanyewar ɓarin jiki, Mushe ya yi jimami a fili, ya yi hamdala a zuci. Wata ƙungiyar Turawa na neman fim a kan naƙasassu. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Abin takaici, ya tarar da tsohon a inuwar itacen bedi yana ba jikokinsa dariya. Hannun hagu ya mutu, amma murya tana nan garau. Barmo ya yi murna da zancen fim, don tun da ya kwanta aka daina kiransa biki, kuma yana so duniya ta ji da sauransa.

"Baba, wagga hwara'a taka tana ɓata min aiki," in ji Mushe. "Kwanta. Dubi sama. Yi nishi kaɗan."

"To ɗana, yaushe za ni waƙa?"

"Silima ba ta son hayaniya."

Sai batun abin da Mushe ke kira dibarsite, wato kowane iri a sa shi a ciki. Aka kawo masa Maiguwa, shugaban makafin garin, ya zo cikin shadda yana ƙamshin turare, waya na ta ƙara a aljihunsa. Mushe ya dube shi sama da ƙasa ya ce sam wannan bai yi kama da makaho ba. Ya sallame shi, ya ba Sule, ƙanen shi Mushe, mai ido tangaran, baƙin tabarau da sanda. Sule ya ba da himma har ya faɗa kwamin awaki. Murja gurguwa, dillaliyar albasa, ta iso a kan babur ɗinta mai ƙafa uku. Aka ce ta sauka ta ja jiki a ƙasa don fim ya yi armashi. Ta faɗa wa Mushe maganar da ba ta rubutuwa, ta tayar da babur ta koma kasuwa.

Ranar nuna fim, Mushe ya kama zauren saman bene a wani otal na Madawa, domin manya ba sa zama ƙasa. Aka ɗauko Barmo a mota, ya dubi matakala, matakala ta dube shi. Nan aka bar shi tare da mai gadin babura. Maiguwa kuwa, da ba a gayyata ba, ya hau abinsa.

"Ni na bakin marasa baki!" Mushe ya buɗe taro yana dukan ƙirji. "Ni na ƙahwar marasa ƙahwa! Kahin in zo, wa ya san da su?"

Aka kunna. Ga Mushe yana ratsa gonar hatsi. Ga Mushe yana kallon faɗuwar rana. Ga Mushe yana share hawaye, yana bayanin yadda ciwon Barmo ya hana shi barci. Can a gefe aka hango ƙafar Barmo, ita ma ta lafiyayyen ɓarin.

Waɗanda aka raba wa lemo suka tafa. Mushe ya gyara falmaran, ya ba da izinin tambaya. Maiguwa ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, ni saurare nike, ban gani. Tun hwarko har ƙarshe muryar mutum guda ta kaɗai, yana ta kuka yana nishi. Shi na maras lahiyar?"

Wani daga baya ya ce, "A'a, Mushe na."

"Assha!" in ji Maiguwa, ya ɗaga hannuwa sama. "Allah shi ba shi sauƙi."

Zauren gaba ɗaya ya amsa, "Amin."