Rasuwar Haƙoran Roban Wandoo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki wanda babu komai a cikinsa, ni Sebastian Terkimbi, tsohon malamin kimiyya a Lafia, nake sanar da rasuwar haƙoran roba na ƙasa, mallakin marigayiya matata Wandoo. Sun rasu ranar Talata da hantsi, a cikin bakina, a kan gasasshiyar doya.

Marigayan sun shigo gidanmu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ni na kawo su, don kada a ga matar malami da wawulo a coci. Farare ne, jere reras, ba su taɓa yin ciwo ba. Ita ce mai ciwon. Duk cizo sai su ce ƙwas, ita kuma ta dafe haɓa ta ce, "Baban Shima, abin nan yana ja na kamar wayar wuta." Ni da na sha littattafai na ce rakin mata ne. Na faɗa a gida, na maimaita a gaban 'yan kwaya, mawaƙan cocinmu, aka yi dariya. Tun ranar ba ta ƙara ambata ba. Shekara bakwai tana sanye da su, har ranar da aka miƙo mini su a leda a asibiti.

Bara nawa haƙoran suka ƙare. Kwanan nan na ce ai roba roba ce, na ciro nata daga kofi. Kwana uku na iya. A rana ta uku wutar ta fizge ni daga haɓa har kunne, na datse, suka rabe biyu.

Likita Nasiha, wadda na koyar a aji uku, ta ɗaga hoton muƙamuƙina ta nuna mini wani siririn layi. Jijiya ce, in ji ta, tana bin rami a cikin ƙashi. In haƙora suka zube, ƙashin da ke samanta yakan zaizaye, sai ta koma dab da dasashi, roba ta riƙa taka ta. A mata kuwa, da yake ƙashinsu ya fi sirantaka, tazarar takan fi ƙanƙanta. Ta ce, "Malam, Mama ba ta taɓa kuka da su ba?" Na ce ban tuna ba. Wannan ƙaryar ma ina sanar da ita.

Marigayan sun bar kofin tangaran guda, da buroshi, da ni.

Za a binne su ranar Asabar ƙarfe goma na safe a Shabu, gefen kabarinta. Ana gayyatar 'yan kwayar da suka yi dariya. Ku tsaya kusa, maganata ba ta fita sosai yanzu, kuma sau ɗaya zan iya ba ta haƙuri. Kunu kawai za a sha. Ba wanda zai tauna komai a gabanta.